Yadda za ka gwada Linux Mint a tsohuwar laftof ba tare da ka goge Windows ba

'Yar yayata da ke karatu a Jami'ar Jos ta zo min da laftof ɗinta wata Asabar, HP ce ta hannu da aka saya mata a kasuwar Terminus tun tana aji ɗaya. In ka kunna ta, ruwan shayi sai ya tafasa kafin ta gama buɗewa. Ta ce, "Kawu, an ce in sa wani abu wai shi Linux, amma ina tsoro. Firojek ɗina yana ciki. Kuma da me zan yi taifin in babu Word?"

Masu irin wannan tambaya sun ƙaru tun 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum. Shi kuwa Windows 11 yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, ga firosesar Intel sai daga zubi na takwas zuwa sama, kuma da yawa daga laftof ɗin da ke hannunmu ba su kai nan ba. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, gani ya kori ji. Linux yana tashi daga filash, ka duba komai da idonka, Windows ɗinka na kwance ba a taɓa shi ba.

Shi Linux babbar manhaja ce, kishiyar Windows. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya bar rubutun a buɗe kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Ba lasisin saye, ba zancen kirak, wato fasa manhajar kuɗi ta bayan fage. Nau'o'insa suna da yawa, amma sabon shiga Mint nake ba shi, wanda wani Bafaranshe, Clement Lefebvre, ya fara a 2006 a kan tubalin wani nau'in Linux mai suna Ubuntu. Fuskarsa ta yi kama da Windows, maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa daga hagu inda hannunka ya saba. Mint 22 ya fito a 2024, kuma zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.

Mataki na farko: kwashe kayanka

Kwafe takardu, hotuna da duk abin da za ka yi kuka in ya ɓata, ka kai su wani filash ko wata kwamfuta daban. Bayan ka kwafe, buɗe guda biyu ko uku daga can ka tabbatar sun shiga. Ina nanata wannan ne don na taɓa goge wa wani abokina hotunan bikinsa saboda gaggawa. Ya ce ya yafe, amma har yau abin yana ci min rai.

Mataki na biyu: sauke Mint

Je linuxmint.com, kada ka ɗauko shi daga wani wuri. Fayil ɗin ya kusa giga 3, don haka a yi da datar dare, ko mutum ɗaya ya sauke sauran abokai su kwafa, halal ne. Za ka ga zaɓi uku na fuskar Mint: Cinnamon, MATE da Xfce. In ram ɗinka ya kai giga 4 ko fiye, ɗauki Cinnamon. In giga 2 ne, Xfce ya fi sauƙin ɗauka. Girka Mint yana buƙatar fili aƙalla giga 20 a rumbun ajiya.

Mataki na uku: haɗa filash

Samo filash mai giga 8, na kirki, don jabun filash shi ne rabin matsalar da ake ɗora wa Linux. Sauke manhajar haɗa filash, Rufus ko balenaEtcher, ka nuna masa fayil ɗin Mint da filash ɗin, ka bar shi ya gama. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge.

Mataki na huɗu: tayar da laftof daga filash

Kashe ta, soka filash, kunna, ka yi ta danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo. Jeri zai fito, ka zaɓi sunan filash ɗinka. In Windows ya riga ka tashi, ba komai, ka makara ne wajen dannawa, sake.

Mataki na biyar: gwaji

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Mint zai buɗe gaba ɗayansa daga filash. Zai ɗan yi nauyi saboda filash bai kai rumbun ciki sauri ba, kuma duk abin da ka yi zai manta da shi da ka kashe. Ka ba shi awa guda.

Fara da wayfai. Wasu tsofaffin HP da Dell masu katin wayfai na kamfanin Broadcom ba sa ganin wayfai da farko. Haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna raba intanet ta USB, sannan ka buɗe Driver Manager, galibi a nan direban yake, wato 'yar manhajar da ke sa katin wayfai aiki. Gwada sauti, kyamara, hasken allo, da firinta in kana da ita.

Daga nan sai tambayar 'yar yayata. Mint yana zuwa da LibreOffice, Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel. Mun buɗe babin farko na firojek ɗinta, ya buɗe, amma wani teburi ya zame zuwa shafi na gaba, saboda salon haruffan Microsoft ba ya zuwa tare da Mint. Maganinsa biyu: in za ka tura wa malami, adana shi a docx, in za ka kai bugawa shagunan da ke hanyar Bauchi, mayar da shi PDF tun daga gida, ba abin da zai motsa.

Akwai abin da ya faranta min rai da kaina. A saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya a shirye, mai ɓ da ɗ da ƙ, ba sai ka nemo wata manhaja ba. Firefox yana ciki, ana samun Chrome da Zoom da VLC, WhatsApp kuma ta burauza.

Amma gaskiya ɗaya ce. CorelDRAW, Photoshop da AutoCAD ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP na zane da gyaran hoto, akwai kuma Wine mai ƙoƙarin tayar da manhajojin Windows, sai dai in da Corel kake cin abinci, kana buga katin biki da kalanda, ban yarda ka jefa sana'arka cikin gwaji ba. Riƙe Windows ɗinka a gefe.

Wasu matasa kan tambaye ni ReactOS, wanda ke ƙoƙarin tayar da manhajojin Windows kai tsaye, ko Haiku, su ma manyan manhajoji ne kamar Linux. Ayyuka ne masu ban sha'awa, ina girmama masu yin su, amma duka biyun suna matakin gwaji har yanzu. A kan kwamfutar da ba ka dogara da ita ba za ka ɗanɗana su.

Mataki na shida: girkawa, in ka gamsu

Koma Windows ka kashe Fast Startup, wato saitin tashi da sauri, in kuma an kulle rumbun da BitLocker, warware shi tukuna. Cika batir maƙil. In batirin ya mutu, kada ka fara sai kana da janareta ko sola, don ɗauke wuta ana tsakiyar raba rumbu yana iya lalata Windows ɗin ma. Tayar da filash, danna alamar girkawa da ke kan allo. In ka zo shafin da ke tambayar inda za a sa shi, tsaya ka karanta sau biyu. Zaɓin da ke ɗauke da kalmar "alongside" shi ne zai zaunar da Mint kusa da Windows. Wanda ya fara da "Erase disk" zai share komai. Zaɓi kalmar sirrin da ba za ka manta ba, don za a riƙa neman ta duk lokacin da za ka sa manhaja.

Da ya gama, cire filash, sake kunnawa, za ka ga jeri yana tambayarka wanne za ka shiga. Shiga Mint, bar Update Manager ya yi sabuntawa, sannan ka kunna Timeshift, mai ajiye hoton tsarin don ka koma baya in wani abu ya rikice. Manhajoji daga Software Manager ake ɗauko su, da danna kawai. Baƙin allon nan na rubuta umarni da ake tsorata mutane da shi, kana iya yin watanni ba ka buɗe shi ba.

'Yar yayata ba ta girka a ranar ba. Ta tafi da filash ɗin hostel, ta yi mako tana kunna shi da daddare, sannan ta dawo muka ba Mint giga 60, Windows ya riƙe sauran saboda wata manhajar lissafi da sashensu ke amfani da ita. Filash ɗin kuwa har yanzu bai dawo hannuna ba, yana wajen ƙawarta mai Dell.