Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora waƙar wani a intanet

Babban kuskuren da ake tafkawa shi ne zaton mamallakin waƙa mutum ɗaya ne. Kusan kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta: na baitoci da karin kiɗa, wanda ke hannun marubuci ko kamfanin da ke kula masa da shi, da na sautin da aka naɗa a sutudiyo, wanda galibi na kamfanin rikodi ne. Mawaƙi zai iya ce maka ka sa, amma in ya riga ya sayar da sautin, maganarsa ba za ta kare ka ba. Kafin ka haɗa waƙa da bidiyo, nemi izinin ɓangarorin biyu a rubuce, a fayyace tsawon wa'adi, ƙasashen da izinin ya shafa, da ko za ka samu kuɗi da bidiyon. In kai ka rera da muryarka, haƙƙi na biyu kaɗai ka tsallake. Ko baitocin zalla ka kwafe ka wallafa, na farko na nan.

Sai batun "daƙiƙa 30 ba laifi". Dokar Amurka ba ta yanke wani adadin daƙiƙoƙi ba, kuma manhajar Content ID ta YouTube tana gane ɗan guntun sauti. Rubuta sunan mawaƙi a ƙasa ladabi ne mai kyau, amma ba lasisi ba ne. Haka kuɗin Spotify na wata-wata: na saurarenka ne kai kaɗai.

Rashin alamar haƙƙin mallaka ta © ma bai halatta komai ba. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, kariya ba ta buƙatar rajista, kuma tana ɗorewa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci. A Amurka da Tarayyar Turai 70 ce.

Inda mutane suka fi cutar kansu shi ne bayan ƙorafi ya iso. A YouTube, da'awar Content ID yawanci kuɗin talla take karkatarwa ko ta toshe bidiyon. Gargaɗi kuwa yana biyo bayan takardar neman a sauke, kuma uku suna iya rufe tashar. Goge bidiyon ba ya share gargaɗin. Sai mai ƙorafi ya janye, ko a jira kwana 90, ko ka aika martanin ƙalubalantar ƙorafin ya yi nasara.

Kada ka aika martani cikin fushi. A dokar DMCA ta 1998, wato dokar Amurka kan haƙƙin mallaka a intanet, martanin rantsuwa ne, ana miƙa sunanka da adireshinka ga mai ƙorafi, in bai kai ƙara ba, sai a mayar da bidiyon cikin ranakun aiki 10 zuwa 14. In ya kai, diyya a Amurka tana kamawa daga dala 750 zuwa 30,000 kan kowace waƙa, har 150,000 in da gangan ne. Saboda haka, sai takardar izini na hannunka za ka mayar da martani.