Shafukan neman aiki masu karɓar kuɗi: yadda mazaunin Accra zai gane ko sun cancanci sidinsa

Matasa da yawa a Nima, Mamobi da Madina suna da kwamfuta, suna jin Turanci, sun iya wani abu, abin da ya rage musu shi ne aikin da za su yi daga gida a biya su da dala ko yuro. Da zarar mutum ya fara nema a intanet zai ci karo da shafukan da ke cewa sai ya biya kuɗin wata kafin ya ga guraben. Irin wannan biya yana da amfani ga mutane kaɗan, na ɗan lokaci, kuma akwai hanyar da za ka gane ko kana cikinsu tun kafin ka fitar da kobo.

Da farko ka san abin da kuɗin ke saya. Shafi kamar FlexJobs, wanda aka kafa a Amurka a 2007, ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba. Aikinsa tattaro tallan gurabe daga kamfanoni, ya tace na ƙarya, ya jera sauran. Kamar ajan ɗin ɗaki ne a Accra: ka ba shi kuɗin zagayawa ya nuna maka ɗakuna, amma mai gida ne zai ce ya yarda ko bai yarda ba. Yawancin guraben suna nan kyauta a shafin kamfanin da ya yi tallan. Abin da ka saya shi ne sauƙin bincike da raguwar haɗuwa da 'yan damfara.

Babbar matsalarmu ita ce wurin zama. Kamfani zai rubuta cewa aikin daga gida ne, amma a ƙasan tallan ka ga "US only" ko "must be authorized to work in the UK". Sau da yawa dalilin doka ce: kamfanin da zai ɗauke ka cikakken ma'aikaci sai ya bi dokar haraji da ta ƙwadago ta ƙasar da kake zaune, kuma ƙananan kamfanoni ba sa son wannan ɗawainiya. Don haka shafi zai iya tallata dubban gurabe, amma waɗanda mazaunin Ghana zai iya nema ba su taka kara sun karya ba.

Saboda haka ka yi ƙirga kafin ka biya. Yawancin waɗannan shafuka suna barin ka ga sunan aiki da yankin da ake buƙata ba tare da rajista ba, sunan kamfanin kawai suke ɓoyewa. Rubuta sana'arka, ka zaɓi tallan kwana 30 da suka wuce, ka ƙirga waɗanda aka rubuta musu "Worldwide", "Anywhere", "Africa" ko "EMEA", wato Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Ka yi hattara da wannan na ƙarshen, domin wasu kamfanoni suna rubuta shi alhali Turai kaɗai suke nufi; sai ka karanta tallan har ƙarshe. Daga cikin waɗanda suka rage, cire duk wanda ke neman shekarun gogewar da ba ka da su. In abin da ya saura bai kai 15 zuwa 20 ba, riƙe kuɗinka. In ya kai, ɗauki jimla guda daga tallan biyar, ka liƙa kowacce a Google tsakanin alamomin zance. In huɗu sun fito kyauta a wani wuri, to kai ma za ka iya yin aikin da shafin ke yi.

Wuraren kyautar su ne LinkedIn, We Work Remotely da Remote OK, inda kamfani ne ke biyan kuɗin talla, sai Jobberman don aikin cikin Ghana. Kamfanoni da dama kuma suna karɓar takardun neman aiki ta manhajojin Greenhouse, Lever da Workable, kuma Google yana nemo shafukansu in ka haɗa sunan manhajar da sana'arka da kalmar "remote". Kamfanonin manhaja Canonical da Automattic suna ɗaukar mutane daga ƙasashe masu yawa, kuma kai tsaye ake nema a shafinsu. Ka fara tura takardu 30 masu kyau ta waɗannan hanyoyi, kowacce an gyara ta daidai da aikin. In babu wanda ya kira ka ganawa, matsalar tana cikin CV ɗinka ko samfurin aikinka, kuma shafin kuɗi ba zai gyara wannan ba.

A cikin takardar ka ambaci lokacin Ghana, domin jari ne. Muna kan GMT duk shekara, agogonmu ɗaya da na Landan a lokacin sanyinsu, kuma Jamus da Faransa awa 1 ko 2 kawai suka riga mu. Niyok tana bayanmu da awa 4 ko 5, Kalifoniya da 7 ko 8, wato aikinsu zai iya kai ka tsakar dare. Ka kuma faɗi tanadinka na dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki: batirin ajiya ga na'urar intanet, da layi na biyu, misali MTN da Telecel.

Akwai wurin da biya ya fi ma'ana, kuma ya shafe mu kai tsaye. Mai fassara tsakanin Turanci da Hausa zai iya buɗe shafinsa kyauta a ProZ, dandalin masu fassara, amma masu biyan kuɗin mamba ake sa wa gaba a jerin masu fassara, kuma suna riga wasu neman ayyuka da dama. Sai dai masu ba da aikin Daidaitacciyar Hausa suke so, da ƙ da ɗ da ɓ a wurarensu da bambancin namiji da mace a nahawu. Hausar da muke yi a zango harshenmu ce abar alfahari, amma wanda zai ci abinci da rubutu sai ya zauna ya koyi ƙa'idar kafin ya biya kowa.

Upwork da Fiverr, shafukan da ke haɗa masu aikin kwangila da masu ba da aiki, lissafinsu daban ne. A Upwork ana sayen wasu tikiti da ake kira Connects don tura buƙatar aiki, kuma ana cire kaso daga abin da ka samu. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100. Kada ka zuba Connects kan aikin da mutum 50 suka riga ka, ko kan mai aikin da ba a tabbatar da hanyar biyansa ba.

In ka yanke shawarar biya, ɗauki wata ɗaya, ba shekara ba, ko da rangwamen ya ja hankalinka. Gwajin 'yan kwanaki mai araha yakan sabunta kansa da cikakken farashi, don haka ka shiga saitin asusunka ka kashe sabuntawar a ranar da ka yi rajista. Da katin Visa ko Mastercard ake biya, kuma banki zai canza dalar da farashinsa, wanda yakan ɗara wanda Bankin Ghana ke wallafawa. Ka bar abin da ake buƙata kawai a katin. Cikin watan, rubuta kowane aiki da ka nema, ranar nema, da amsar da ta zo. In wata ya ƙare ba ganawa ko ɗaya, kada ka sabunta.

Kada ka haɗa wannan da wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ko Telegram cewa ka samu aiki, amma ka tura kuɗin fom, na horo ko na kwamfuta ta MoMo. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka, ba ya kuma neman hoton Ghana Card kafin ganawa. Ana kai rahoton irin wannan ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana ta lamba 292.

Kafin ka sa hannu kan kowace yarjejeniya, tambayi yadda za a biya ka: Payoneer, turawa kai tsaye zuwa banki, ko kamfani irin Deel. Kamfanin Amurka zai ba ka fom na W-8BEN ka cike, mai nuna kai ba ɗan Amurka ba ne. A nan gida kuma, dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 ta shafi abin da mazaunin Ghana ya samu daga waje, kuma lambar Ghana Card ɗinka ce lambar harajinka a GRA, hukumar tara haraji ta Ghana.