Yadda ake ɗora sabon fasalin manhaja a sabar ba tare da an katse wa masu amfani ba

Lokacin da manhajar intanet ta fi shiga haɗari shi ne lokacin da mai ita ya kai hannu zai sabunta ta. A ƙarshen Yuli 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabon fasali a sabar bakwai daga cikin takwas da yake da su, aka tsallake ɗaya. A ranar 1 ga Agusta, wannan ɗayar ta farfaɗo da wani tsohon umarni da aka daɗe da daina amfani da shi, kuma cikin kimanin minti 45 kamfanin ya tafka asarar da ta haura dala miliyan 400. Ƙila manhajarka ba ta juya irin wannan dukiya, amma ƙa'idar ɗaya ce: kafin ka tura sabo, tanadi hanyar komawa tsoho. Ga yadda ake yi a sabar Linux guda ɗaya da kayan aikin buɗaɗɗen tushe, ta salon da ake kira shuɗi da kore, wato kwafi biyu na manhajar, ɗaya na aiki ana shirya ɗayan.

Mataki na 1: Haɗa ƙunshi ɗaya, ka ba shi suna

Daina shiga sabar kana buga `git pull` a cikin babban fayil ɗin da manhajar ke gudana. Gina manhajar a wani wuri, ka naɗe ta ƙunshi ɗaya, ka laƙaba mata lambar sauyin da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauye, ya bayar. A sabar, kowane fasali ya samu mazauninsa, misali `/srv/app/releases/a1b2c3d`. Ajiye biyar na baya-bayan nan, ka share sauran.

Mataki na 2: Koya wa manhajar faɗin lafiyarta da sallama cikin mutunci

Buɗe adireshi ɗaya, a ce `/lafiya`, wanda zai amsa da lamba 200 idan manhajar ta gama tashi kuma ta samu rumbun bayanai, ya amsa da 503 idan ba haka ba. Kada ka rubuta shi yadda zai riƙa cewa "lafiya lau" ko da rumbun ya mutu. Irin wannan gwajin gara babu shi, domin yana kwantar maka da hankali a inda bai kamata ba.

Sai batun sallama. Idan systemd, mai tayar da manhajoji da tsayar da su a Linux, zai tsayar da manhaja, yakan fara aika mata siginar SIGTERM, ya jira daƙiƙa 90 bisa tsarinsa na asali, sannan ya kashe ta da SIGKILL, wadda ba a roƙonta. Aikinka shi ne ka sa manhajar ta kama SIGTERM, ta daina karɓar sababbin buƙatu, ta kammala waɗanda ke hannu, ta rufe alaƙarta da rumbun bayanai, sannan ta fita. In ba haka ba, wanda ya danna "biya" a daidai wannan daƙiƙar zai tsaya tsakiyar hanya, an cire kuɗi ba a rubuta rasit ba.

Mataki na 3: Tanadi kujeru biyu

Rubuta fayil ɗin systemd guda mai suna `app@.service`, wanda zai ba ka damar tayar da kwafi biyu: `app@shudi` a tasha 8001 da `app@kore` a tasha 8002. A gabansu ka ajiye Nginx, manhajar da Igor Sysoev ya saki a 2004, wadda za ta riƙa karɓar buƙatun masu amfani tana miƙa su ga kwafin da ke aiki. Adireshin kwafin da ke aiki yanzu ka sa shi a wani ɗan ƙaramin fayil shi kaɗai, babban tsarin Nginx ya riƙa karantowa daga can. Duba ƙwaƙwalwar sabar tukuna, domin na ɗan lokaci kwafin biyu za su rayu tare. Bayanan shigar masu amfani kuma kada su zauna a cikin ƙwaƙwalwar manhajar; kai su Redis, ma'ajiyar bayanai mai zaman kanta, ko rumbun bayanai, in ba haka ba duk sauyi sai an kori kowa waje ya sake shiga.

Mataki na 4: Rumbun bayanai, inda gizo ke saƙar

Kwafi biyu ne, amma rumbun ɗaya ne, kuma nan ne akasarin masu wannan salon ke tuntuɓe. Duk canjin da za ka yi wa tebur dole tsohon fasali da sabon su iya zama da shi a lokaci guda.

Ɗauki misali. Kana da shafi (column) mai suna `suna` a teburin masu amfani, kana so ya koma `cikakken_suna`. Idan ka canza sunan kai tsaye, tsohon kwafin da ke ci gaba da aiki zai nemi `suna` ya rasa, nan take kurakurai su fara zuba. Mafi muni, ka toshe hanyar komawa baya da hannunka. Don haka a raba aikin gida uku. A fitarwa ta farko, ƙara sabon shafin, ka sa manhajar ta riƙa rubutu a duka biyun amma tana karantawa daga tsohon, sannan ka kwashe tsofaffin bayanan zuwa sabon a hankali, layi dubu-dubu, ba a tashi ɗaya ba. A ta biyu, ta koma karantawa daga sabon. Sai a ta uku, bayan kwanaki kana ganin komai daidai, ka daina rubutu a tsohon, daga baya ka goge shi. Akwai gajiyarwa, babu musu. Amma a kowane matsayi kana iya juyawa baya ba tare da ka rasa komai ba.

Idan rumbun bayananka PostgreSQL ne, riƙe abubuwa biyu. Gina fihirisa da `CREATE INDEX CONCURRENTLY`, domin hanyar da aka saba tana hana rubutu a teburin har sai ta gama. Sannan ka sa `lock_timeout` na 'yan daƙiƙu kafin kowane `ALTER TABLE`. Dalili kuwa, idan umarnin ya tsaya jiran wata doguwar tambaya, duk buƙatun da suka zo bayansa za su yi layi a bayansa, manhajar ta daskare alhali babu abin da ya lalace.

Mataki na 5: Juya akala

A ce shuɗi ne ke aiki. Tayar da kore da sabon fasalin, ka riƙa ƙwanƙwasa masa da `curl -f http://127.0.0.1:8002/lafiya` duk daƙiƙa biyu. Idan minti ɗaya ya wuce bai amsa da 200 ba, tsayar da shi ka fasa. Masu amfani ba su ma san an yi ba. Idan ya amsa, canza ɗan fayil ɗin nan zuwa 8002, ka buga `nginx -t` don tantance rubutun, sannan `nginx -s reload`. Nginx zai tayar da sababbin ma'aikata da sabon tsari, tsofaffin su ƙarasa buƙatun da ke hannunsu su fita. Babu alaƙar da aka yanke.

Kada ka yi gaggawar kashe shuɗi. Bar shi a kunne na minti goma zuwa sha biyar. Sai dai a kula da ayyukan bayan fage, irin aika saƙon tes ko imel a kan lokaci: idan kwafin biyu duk suna gudanar da su, abokin ciniki zai samu saƙo sau biyu. Ware su zuwa wata manhajar daban mai kwafi ɗaya.

Mataki na 6: Zuba ido

Prometheus, kayan aikin sa ido kan manhajoji wanda aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012, ya isa wannan aikin. Kalli abu biyu: yawan amsoshi masu lamba 500 zuwa sama, da tsawon lokacin da buƙata ke ɗauka. Yanke iyaka tun kafin ka fara, ka rubuta ta, domin a cikin ruɗani zuciya takan ce a ƙara jira. Idan an ƙetare iyakar, mayar da ɗan fayil ɗin nan zuwa 8001, ka sake `reload`. Binciken dalili sai bayan an dawo daidai. Wanda ya yi alkawarin kashi 99.9 cikin ɗari yana da kimanin minti 43 ne kacal na ɗaukewa a wata.

Mataki na 7: Mayar da shi rubutun umarni, ka sake shi ga jama'a

Duk abin da ke sama ka zuba shi a fayil ɗin Bash guda. Fara da `set -euo pipefail` don ya tsaya da zarar wani umarni ya gaza, ka kuma kulle shi da `flock` kada mutum biyu su tura fasali a lokaci ɗaya. Gwada shi da fasalin da ka lalata da gangan, ka ga ko zai ƙi juyawa.

Sannan ɗora shi a GitHub ko GitLab. Sa masa lasisi, MIT ko Apache 2.0, domin ma'ajiyar da ba ta da lasisi a bisa doka babu mai izinin amfani da ita sai mai ita, ko da tana buɗe. A fayil ɗin README faɗi abin da ba ya yi ƙarara: sabar ɗaya ce, idan na'urar ta mutu kwafin biyu sun tafi tare. Kafin turawa ta farko, binciki tarihin Git ko kalmar sirri ta taɓa shiga. Idan ta shiga, goge fayil ɗin bai wadatar ba, tana nan a tarihin. Canza kalmar a rumbun bayanai kafin ka buɗe ma'ajiyar.