Darasi na 7: Rina yadin bargo don ɗinka ƴar tsanar hannu

Ƴan uwa barkanmu da sake haɗuwa. A darasin da ya wuce mun yanka kan ƴar tsana mun ɗinke, to yau maganar kala ce, don sau da yawa mutum zai gama kai da yadi ruwan ƙasa sai yadin ya ƙare, ya koma babbar kasuwa ya zagaye ƴan gwanjo tun safe har azahar bai samu irinsa ba, ga hannuwa da kunnuwa ba a yi ba. Yara kuwa ba su da kara, in fuska daban hannu daban a gaban kowa za su faɗa.

Yadin da muke magana shi ne mai laushin nan na rigunan sanyi da bargon jarirai wanda ke cika kasuwa lokacin hunturu, da Faransanci ana ce mishi polaire. Masu ɗinka ɗiyan dabo na zamani na son shi don ba ya zarewa in an yanka, yana miƙewa, kuma gashinsa na ɓoye ɗinki. Amma fa ku riƙe wannan tun yanzu, ba auduga ba ne, roba ce. Mafi yawansa poliyesta ne, dangi ɗaya da gorar ruwan da muke sha mu yar, har ma akwai wanda da tsoffin gorunan ake yin zarensa.

Ni ma sai da na yi asara na gane. Na taɓa kai farin yadin ga wani marini na ce ya tsoma min a baba, mutumin ya dube shi ya ce Malama wanga ba ya sha, na ce kai dai tsoma. Ya fito shuɗi gwanin kyau ina ta murna, ina zuwa gida na sa a ruwa da omo sai ga shuni na bin ruwa, yadi ya koma fari-fari kamar ya kwana cikin toka. Ba laifinsa ba ne. Baba na kama auduga, karan dafi na kama fatar jar akuyarmu ta Maradi, amma zaren roba a rufe yake ruwa ma ba ya shiga cikinsa balle rini, sai an dafa shi ya buɗe.

Don haka kafin ku kashe ko dala ku fara sanin yadin. Ku juya rigar ku nemi ƴar takardar da ke ɗinke a wuya ko a gefe, nan karatunmu zai yi amfani. Kalma uku za ku kwafa a kaye: polyester, polyamide, coton. Ta farko poliyesta, ta biyu nailan ke nan, ta uku auduga. In takardar ta cire, ku yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin farce ku riƙe da awartaki, ba da yatsa ba, ku kanga mishi ashana a waje. Auduga za ta ci wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi. Roba kuwa sai ta tattare ta narke ta bar ɗan dunƙule mai tauri, poliyesta har da baƙin hayaƙi. Ɗigon nan na manne wa fata, a kore yara tukuna.

In nailan ne kun huta, yana shan rini da sauri in an sa binegar a ruwan zafi, wani lokaci minti kaɗan ya isa, shi ya sa masu sana'ar a Amurka suka fi neman shi. In poliyesta ne, wanda shi za ku fi samu, sai rini nasa na musamman. Akwai Rit DyeMore na kwalba, akwai iDye Poly na sashe, za ku iya ba mai zuwa Kano ko Yamai sallahu amma ku rubuta mishi sunan a takarda harafi-harafi, don akwai Rit da iDye na auduga kuma sun yi kama. Kwalbar DyeMore ɗaya an yi ta don yadi busasshe wajen kilo 1, in kala mai duhu ake so a poliyesta sai an ninka. Mu da ke rina hannu da kunne cokali ne ma'auninmu.

Rini ƙara duhu yake, ba ya ragewa. Fari zai koma kowace kala, amma baƙi ko ja wur ba ya komawa baya, kuma kar wadda ta ce bari in sa jabel, ba ya fidda kalar poliyesta, nailan kuma lalata shi yake ya bar shi rawaya-rawaya. Sannan kalar da ke jikin yadin na haɗuwa da ta tukunya, rawaya ya shiga shuɗi kore za ku gani. Ku sayi fari ko mai haske sosai.

Yanzu aikin kansa. A wanke yadin da omo a ɗauraye, a bar shi da danshi. Tukunya babba wadda ba za ta sake ganin miya ba har abada, muciya ma haka, gara ta ƙarfe marar tsatsa don binegar na cin dalma. Ruwa mai yawa yadda yadi zai yi iyo, wajen lita 11 ga rabin kilo. A tsakar gida za a yi don warin ba daɗi, a sa safar hannu. Zafin da ake so wajen digiri 93 ne, mu ba mu da ma'auni, to ku duba lokacin da ruwa ya fara tsuwa ƙananan kumfa na tasowa gab da tafasa, ku riƙe wutar a haka.

Kar ku jefa babban yadin tukuna, nan ne duk dabarar take. Ku yanka ƙananan ƙyallaye 5 daga jikinsa, ku zuba rini kaɗan, misali cokali 2, ku motsa, ku jefa su gaba ɗaya. A tsamo na farko bayan minti 5, na biyu minti 10, haka haka, na ƙarshe a bar shi har minti 30 ko sama, kowanne a ɗauraye a shanya. Sai ya bushe ƙarau sannan a gwada, don jiƙaƙƙen yadi ya fi duhu, yana ruɗin ido ƙwarai. A ɗora shi jikin kan ƴar tsanar a inuwa da rana tsaka, ba a hasken tocila ko na waya ba, a shafa gashin duka biyun ya kwanta gefe ɗaya, don in ɗaya ya kwanta ɗaya ya tashi sai ku rantse kala biyu ce alhali ɗaya ce. Ni har ja da baya nake taki 5 ko 6, inda yara za su zauna, in daga can ban ga bambanci ba na yarda.

In ya yi haske a ƙara cokali ko a ƙara minti. In ruwan ƙasan ya cika ja, ɗigon kore na kwantar da shi, in ya karkata ruwan lemo ɗigon shuɗi, ɗigo fa na ce, don abin da ya shiga tukunya ba ya fita. Duk abin da kuka ƙara ku rubuta nan take, wadda ta ce za ta riƙe a ka gobe sai ta yi ta rantse-rantse.

In kun dace sai a haɗa sabon ruwa da lissafin, a ninka ruwa da rini gwargwadon yawan yadin, a sa shi a buɗe a yi ta juyawa ba tsayawa musamman minti 10 na farko, in ba haka ba ya fito dabbare-dabbare. A ɗauraye da ruwan ɗumi sannan mai sanyi har ruwa ya fito garau, a shanya a inuwa, kar a goge da dutsen guga yana narkar da gashin, tsohon buroshi ya isa ya tada shi.

Wadda ba ta samu rinin ba, sai ta nemi farin tawul na auduga, wannan kam marini zai karɓa hannu biyu, sai dai a yi kai da hannuwan duka da shi.

Aikin gida: kowa ta zo da ƙyalle 5 ɗinke a shafin kaye, ƙarƙashin kowanne ta rubuta yawan ruwa, cokali nawa, minti nawa. Sai wannan lissafi, in lita 2 ta ci cokali 3, lita 10 cokali nawa za ta ci?