Yadda Ake Zana Gajeren Katun a Kan Kisan da 'Yan Nazi Suka Yi wa Yahudawa

Matasanmu masu koyon zanen katun a Jidda da Makka, duk wanda zai taɓa labarin kisan ƙare dangi da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6, to ya kama mutum ɗaya ya bi shi. Hanyar da mai shirya fim Ari Folman ya bi ke nan a fim ɗinsa na 2021: ya gina shi a kan Anne Frank, yarinyar da ta ɓuya tare da wasu mutum bakwai a wani gida a Amsterdam, babban birnin Holan, tun Yulin 1942, har aka kama su ranar 4 ga Agusta 1944.

Fara da lissafi. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce. In kowane zane ya tsaya sau biyu, zane 12 ya wadatar, fim na minti uku kuwa zai ci zane 2,160. Mai yin ashirin a rana sai ya kwana 108. Manhajojin zane Krita da OpenToonz kyauta ne. Ɗauki muryoyi tukuna, ka jera zanen wucin gadi a kansu. Wanda ya fara da zane zai tarar baki da magana sun saɓa, aiki ya koma baya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne alamar da aka tilasta wa Yahudawa sawa. Tauraro mai ruwan ɗorawa ya zama dole a Jamus a Satumban 1941, da kalmar "Jude", wato Bayahude, a tsakiya. A Holan sai Mayun 1942, an rubuta "Jood". A yankin Faransa da Jamus ta mamaye, Yunin 1942, "Juif". A Warso ta Poland kuwa farin ƙyalle ake ɗaurawa a hannu, da shuɗin tauraro. Ka ɗinka wa yarinyar Amsterdam tauraro a 1940, ka ɓata tarihi tun a zanen farko. Haka lambar da ake tsagawa a hannun fursuna: a sansanin Auschwitz kaɗai aka yi ta.

Sai fuska, kuma nan ne ya fi kamata a yi hattara. Mai zanen katun ya saba ƙara girman hanci ko kunne don a gane mutum, alhali da irin wannan zane jaridar Nazi, Der Stürmer, ta riƙa cin mutuncin Yahudawa. Zana su kamar maƙwabtansu. Bambanta su da tafiya, tabarau, ko yadda uwa ke riƙe hannun ɗanta.

Kada ka zana ɗakin gas da ake kashe mutane a ciki, musamman in yara za su kalla. Bar kunne ya ɗauki nauyin: takun takalmin soja a matakala, sakatar taragon jirgin ƙasa tana faɗawa. Tsayar da zane ɗaya na daƙiƙa huɗu a kan kofin shayin da aka bari a tebur, tururi kawai ke motsi. Zane shida masu maimaituwa sun isa tururin.