Yadda Na Haɗa Bashin Karatuna Wuri Guda

Bayan na kammala jami'a a Amurka, rancen karatu da na karɓa daga gwamnatin tarayya ya kasu kashi-kashi, kowanne da nasa kuɗin ruwa, har lissafin wata ya fara rikice mini. Sai na shiga shafin studentaid.gov na nemi Direct Consolidation Loan, wato rancen da ke haɗa basussukan karatu na gwamnatin tarayya su zama guda, wanda ba a biyan ko sisi wajen nemansa.

Kuɗin ruwan bai ragu ba, domin matsakaicin na tsofaffin basussukan ake ɗauka gwargwadon girman kowanne. Wa'adin biya yana iya kaiwa shekara 30, abin da ke ƙara yawan ruwa, don haka nake ɗora wani abu kan kuɗin wata, tunda babu tara ga mai biya da wuri. Rancen banki ba ya shiga tsarin, shi kam daban nake biyansa.