Kurakuran da fim ɗin kifin shak ke koya wa masu shiga Bahar Maliya

Fina-finan kifin shak kusan duk tafiyarsu ɗaya: mutum ya maƙale a kan dutse, ƙaton kifi yana zagaye shi, a ƙarshe jarumi ya ga bayansa. Kallo dai ba laifi. Abin damuwa shi ne da wannan karatun yaranmu na Jidda da Yanbu da Bur Sudan suke zuwa bakin ruwa ranar Juma'a, alhali yawancinsa a karkace yake.

Kifin ma ba shi ba ne. Ƙaton farin shak da ake nunawa ya fi son ruwa mai sanyi, irin na Afirka ta Kudu da Ostireliya. A Bahar Maliya, cikin dangin da Larabawa ke kira ƙirsh, waɗanda suka fi haɗari su ne mai zanen damisa da mai farin tabo a bakin fukafukai. Kuma ba dole ne ya ɗago fiffiken bayansa ya yi maka sallama ba. Sau da yawa daga ƙasa ko daga baya yake zuwa, don haka leƙa saman ruwa a ce "babu komai" ba bincike ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa tun kafin a jiƙe ƙafa ake yinsa. Saboda zafi, mutanenmu sai bayan la'asar suke fita, su kai magariba a cikin ruwa, lokacin da haske ke raguwa kuma kifin ke farauta. Haka ma da asuba. A shiga da sauran rana, a wurin da hukuma ta keɓe don iyo, kuma kada mutum ya ware shi kaɗai. A cire sarƙa da agogo mai ƙyalli, domin a ruwa suna walƙiya kamar ɓawon kifi. A kula da bakin duwatsun murjani na cikin teku: kana tafiya ruwa iya ƙugu, taku kaɗan sai rami mai zurfin gaske, kuma a wannan gaɓar manyan kifaye ke kai da komo.

Fim ya ce ɗigon jinin yatsa zai kira shi daga nesa mai nisa. An zuzuta. Abin da ke jawo shi da gaske shi ne jinin kifi da kayan ciki da mushe. A Sharm el-Sheikh ta Masar, a Disambar 2010, an ciji mutane da dama cikin 'yan kwanaki, wata Bajamushiya ta mutu, kuma cikin dalilan da aka yi zargi har da gawarwakin tumaki da aka zubar daga jirgi. Saboda haka kada a yi iyo inda masunta ke fiɗar kifi, mai harbin kifi kada ya rataya abin da ya kama a ƙugu, ragowar layya kuma ba ta teku ba ce.

Idan an yi ido huɗu da shi, juya baya da fantsama ruwa kuskure ne. Gwanin iyo na duniya da ƙyar yake wuce kilomita 8 a awa, kifin kuwa ya ninka haka. Ka tsaya a miƙe, fuskarka a kansa, kana ja da baya a hankali. Kwanciya kamar matacce ba ta aiki. Naushi a hanci ma, ruwa yana kashe ƙarfinsa, ga baki can dab da hancin. In ya kama, ido da ramukan numfashinsa na gefen wuya ake nema, da duk abin da ke hannu.

Inda fim ya fi ɓatar da mutane shi ne bayan cizon. Za ka ga ana ɗinke rauni da ƙarfen kunne ko ana ƙona shi da wuta. Mu kuma muna da namu: garin gahawa, toka, man birki. Duk a bar su. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, kuma in babbar jijiyar cinya ta tsinke yana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci. Da an fito da wanda aka ciza, a kwantar da shi, a cusa tsumma mai tsabta cikin ramin, a danne da hannu biyu da nauyin jiki. Kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a naɗe shimag (mayafin kai na mazan Larabawa) ko gyale ya kai faɗin santimita 5, a ɗaura santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ban da kan gwiwa ko gwiwar hannu. A yi ƙulli, a ɗora sanda ko cokali mai ƙarfi, a sake ƙullewa, a yi ta murɗawa har jinin ya tsaya, sannan a ɗaure sandar. Igiyar takalmi tana yanka fata, bel kuma ba ya murɗuwa. Zai yi ihu, ɗaurin da ciwo, amma kada tausayi ya sa a sassauta. Likita ne kaɗai ke kwancewa. A rubuta lokacin ɗaurin a fatarsa, a lulluɓe shi, kada a ba shi ruwa ko shayi saboda tiyata.

A Saudiyya motar asibiti 997 ce, masu tsaron iyakar ruwa 994. A ambaci mutum ɗaya da suna a ce ya kira, in ba haka ba kowa zai zaci wani ya kira. Tsoron maganar iƙama, wato takardar izinin zama, kuma kada ya sa a tsaya shawara alhali jini na zuba.

A duniya baki ɗaya, waɗanda shak ke kashewa a shekara yawanci ba su kai 10 ba, nutsewa kuwa tana cin kusan mutum 300,000. Mai shiga ruwa da jallabiya ya san in ta jiƙe tana harɗe ƙafa, yaron da bai iya iyo ba kuma a sa masa rigar ceto ko da ruwan iya gwiwa ne.